Kwamfutar Kawu Fang Ba Ta Kai Ba

Ranar da kamfanin ya sanar da irin kwamfutar da sabon wasansa zai buƙata, yayana Kun-lin ya rufe shagonsa na gyaran babura da rana tsaka, ya bar wata mata tsaye da babur mai faci. Wai ya kira taron gaggawa na ƙungiya. Ƙungiyar nan mu uku ne: shi, da ni ƙanwarsa Pei-lan, da Kawu Fang mai sayar da dunƙulen kifi a kasuwar bakin tashar jiragen ruwa. Duk da haka Yaya shugaba yake kiran kansa, har katin suna ya buga.

Shekara da shekaru muna haɗuwa duk Lahadi a ɗakin da ke saman shagon. Tebur uku a jere, kwamfuta uku, tukunyar romo tana tafasa a gefe, ruwan saman garinmu Keelung yana ta aikinsa a waje. A tsohon wasanmu Yaya ne mai takobi, ni ce mai magani, Kawu Fang kuma mai garkuwa, wato wanda zai tsaya a gaba dodo ya yi ta jibgarsa, mu kuma mu yi suna. Ba kawunmu ba ne na jini. Abokin marigayi babanmu ne, ya haura sittin, shi kaɗai yake zaune, kuma ban da kasuwa babu inda yake zuwa duk mako sai wannan ɗaki. Yana da nawa, wannan babu musu. Kafin ya lalubo maɓallin ɗaga garkuwa, dodo ya gama kalaci da mu har ya wanke hannu. Yaya ya yi ta faɗa, Kawu ya ce, "Yi haƙuri, shugaba," a sake daga farko.

Sunan sabon wasan Tsibirin Kunkuru Mai Barci. Duk abin da muka gani nasa talla ce guda ɗaya: jarumai uku suna tafiya a kan gada, iska tana kaɗa gashinsu sili-sili, can sai wani ƙaton dutse ya buɗe ido. A kan wannan Yaya ya gina duniya sukutum. Ya san za a yi kiwon dodanni, a gina gida, a yi aure, a kama kifi, kuma kifin zai ruɓe idan an manta da shi a jaka. Babu wanda ya gaya masa. Ya ce a idon kunkurun ya gani.

A wurin taron ya miƙe tsaye, ko da yake mu biyu ne kawai masu sauraro, ya ɗaga wayarsa.

"Hawa biyu ne," in ji shi. "Akwai mafi ƙaranci, na masu son leƙen wasan ta tagar maƙwabci. Akwai wanda kamfani ya ba da shawara, wannan shi ne na mutane. Katin hoto na bana. Ƙwaƙwalwa ninkin tamu. Wurin ajiya wanda zai haɗiye hotunan bikin unguwar nan kaf. Duk wanda bai kai hawa na biyu ba, babu shi a ƙungiyata."

Ba mu shirya ba, amma duk muka juya muka kalli kwamfutar Kawu. Fara ce a da, yanzu ta koma launin tsohon haƙori. Idan fankarta ta tashi, sai ka ɗauka wani ne ya shigo da babur gyara. A kanta akwai koriyar ledar gugguru mai kwakwa, irin wadda kowa a ƙasarmu yake ɗora wa na'ura don ta yi ladabi, kuma Kawu bai taɓa bari kwanan watanta ya wuce ba.

"Tawa ina ta kai?" in ji Kawu.

"Taka ta kai gidan tarihi, Kawu," in ji Yaya.

"Da gaske nake tambaya."

"Ni ma da gaske na amsa. Mafi ƙarancin ma sai ta yi ɗage take hango shi."

"To a ƙara mata leda ɗaya mana."

"Ko buhu ka ɗora mata."

Na ce, "Yaya, wasa ne fa." Ya kalle ni kamar na zubar da turaren da ke gaban hoton kakanninmu. Ya yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa marar fahimta, cewa idan hoto ya tsaya a allon mai garkuwa ko da na ƙiftawar ido ne, dukkanmu mun mutu, shi kuwa bai yi jiran duk shekarun nan don fankar wani ta kashe shi ba. Sannan ya nuna shi ma yana da tausayi: ya ba Kawu wa'adi zuwa lokacin da kamfani zai saki ɗanɗanon wasan, wato ɗan yankin da ake ba mutane su gwada.

Kawu bai yi musu ba. Da Litinin ta zo ya rufe teburin kifinsa da wuri, ya hau jirgin ƙasa zuwa kasuwar kayan kwamfuta a babban birni Taipei. Ya dawo da 'yar jaka. A ciki akwai shimfiɗar linzamin kwamfuta mai hoton dodo, da wata igiyar fitila mai sauya launi.

"Mai shagon ya ce masu fitila sun fi gudu," in ji shi.

"Katin hoton fa, Kawu?" na tambaye shi.

"Ya ce katin ba zai shiga akwatina ba. Sai an sauya akwati. In an sauya akwati sai an sauya abin wuta, in an sauya abin wuta sai an sauya uwar allon ciki. Na ce to me zai rage nawa? Ya ce ledar gugguru."

Ya yi dariya, amma na san sauran maganar. Dunƙulen kifi ba ya sayen katin hoto na bana. Na ja shi gefe na ce zan taimaka. Ya girgiza kai ya ce 'yar abokinsa ba za ta saya masa abin wasa ba, yana da sauran kunya.

Shi kuwa Yaya, tasa sabuwar kwamfutar ta iso kamar amaryar attajiri. Gefenta gilashi, cikinta bututan ruwa, fitilu suna ta rawa. Zafin da take fitarwa ya sa a karon farko a tarihin gidanmu wanki ya bushe a yini ɗaya. Wasan bai fito ba, saboda haka babu abin da zai yi da ita sai gwaji. Yakan kunna gwajin, lamba ta fito, ya ɗauki hotonta, ya sake kunnawa ko za ta ƙaru. Masu babura suna ƙasa suna danna oda. Ni ma na sauya nawa katin, kada ku ɗauka a gefe na tsaya ina wa'azi. Gashin nan mai kaɗawa sili-sili ni ma ina son in gan shi.

Ana haka sai ga Likita Yen, likitan haƙori, wanda yakan kawo ƙaton baburinsa a wanke masa don ba ya hawa. Hira ta kai su ga kwamfuta, Yaya ya ji irin wadda likitan ya mallaka, sai muryarsa ta yi laushi.

"Ya taɓa riƙe garkuwa?" na tambayi Yaya daga baya.

"Zai koya."

"Ya taɓa yin irin wasan ma kuwa?"

"Ke, allonsa mai lanƙwasa ne."

Lahadi ta ƙarshe kafin ɗanɗanon, Kawu ya hawo bene da ledar kifi a hannu, ya tarar da allo mai lanƙwasa a kan teburinsa. Tasa kwamfutar tana ƙasa kusa da ƙofa, an naɗe mata wayoyinta tsaf. Wannan naɗin shi ya fi ba ni haushi, don Yaya bai taɓa naɗe ko wayar cajinsa ba.

"Ba kora ba ce, Kawu," in ji Yaya, yana kallon wani wuri. "Hutu ne. Ka ga ai ba ni na kafa sharaɗin ba, kamfani ne."

"Na gane, shugaba."

"In ka samu ta kai, ƙofa a buɗe take."

"To."

Ya ajiye kifin kusa da tukunya. Na taya shi sauko da kwamfutar, muka ɗaure ta a bayan baburinsa. Ruwa ake yi. Ya cire rigar ruwansa rawaya ya lulluɓe ta, shi ya hau haka nan. Na tsaya a ƙofar shago har ya sha kwana, raina a ɓace, kuma abin da ya ƙara ɓata shi shi ne na koma sama na ci kifin.

Ranar ɗanɗano Yaya ya yi wanka ya sa sabuwar riga. Likita Yen ya zo da safar hannu ta musamman, wai don kada gumi ya rage masa sauri. Muka kunna. Gaskiya wasan yana da kyau. Kana iya ƙirga gashin hancin kunkurun in ba ka da aikin yi. Ruwan teku yana sheƙi, ciyawa tana kwanciya in ka taka ta. Yaya har ya share ido.

"To," in ji shi, "bari in gayyato ku."

Ya shiga neman maɓallin gayyata. Ya duba sama, ya duba ƙasa. Ya shiga wurin saita murya, ya shiga wurin saita inuwa, ya karanta sunayen ma'aikatan kamfanin har da mai dafa musu shayi. Ni kuwa ina kallon allona. Jarumata tana tsaye a kan gada, a damanta wani ƙato mai garkuwa, a hagunta wata mai magani. Na leƙa allon Yaya, ga su nan su biyun, su dai. Na leƙa na likita, haka.

"Yaya," na ce, "mutum ukun nan na cikin talla. Kai ne da mutum biyu na kamfani."

"Ba zai yiwu ba."

"Af, ai wasan na mutum ɗaya ne," in ji Likita Yen, yana gyara safarsa. "Na ɗauka kun sani. Na ɗauka don romon ake taruwa."

Ya toshe kunnuwansa da abin sauraro, ya shige tsibirinsa.

"Za su ƙara daga baya," in ji Yaya. "Dole su ƙara. Na gani a..." Bai ƙarasa ba.

Haka muka yini, mutum uku a ɗaki ɗaya, kowa da nasa kunkurun. Mai garkuwar kamfani ba ya kuskure. Yana ɗaga garkuwa kafin dodo ya yi tunanin duka. Duk da haka wata kaguwa, ta farkon hanya ma, ta yi ta kashe Yaya, yana faɗuwa cikin hoto mai kyan gaske, kowace ƙwayar yashi ana ganinta. Duk faɗuwa sai ya juya hagu, inda Kawu yake zama a da, da baki a buɗe, ya tarar da ƙeyar likitan haƙori, ya mayar da bakin ya rufe. Ashe duk shekarun nan akwai mutuwar da ba ta fanka ba ce.

Lahadi ta gaba likita bai zo ba. Ya aiko a kwashe masa kayansa, ya ce kujerar gidansa ta fi daɗi. Ni da Yaya muka zauna, tebur ɗaya babu kowa. Romo ya tafasa har ya gaji.

"Ki je ki gaya wa Kawu an ɗage hutun," in ji Yaya. "Za mu koma tsohon wasa."

"Kai me ya sami ƙafarka?"

"Shugaba ba ya zuwa da kansa."

Na tafi, don ina son ya dawo, ba don an aike ni ba. Gidan Kawu yana can kan tudu, sai an hau matakala har gwiwa ta yi ƙara. Tun daga tsakiyar hawan na jiyo fankar. Ƙofa a buɗe take. Yana zaune da singileti, igiyar fitilar nan tana walƙiya a jikin tsohuwar, kuma a allonsa akwai gadar sabon wasan.

Wai gada. An rage ingancin hoton zuwa ƙasan ƙasa. Teku ya zama hazo, ciyawa babu ita, kunkurun kamar an kife tukunya. Fuskar jaruminsa kamar dafaffen dankali, yana tafiya yana tsayawa, yana tafiya yana tsayawa. Mai shagon waya na ƙasan layi ne ya sauke masa wasan, in ji shi, kuma sai da kwamfutar ta kwana tana nishi.

"Ina ka kai, Kawu?"

"Nan. Gadar nan dai. Akwai wani wuri da ake tsallakawa."

Na ja kujera. "Shugaba ya ce ka dawo. Teburinka yana nan, za mu koma tsohon wasanmu."

"Likitan fa?"

"Ya koma wa haƙoransa."

Kawu ya yi murmushi, idonsa a kan allo. "Ki ce masa na gode. Ku nemi mai saurin hannu, Pei-lan. Ni na samu wuri."

"Wane wuri? Hazon nan?"

Daidai nan ya iso wurin tsallaken. Ya laluba maɓalli, hoton ya tsaya, da ya dawo dankalin yana cikin ruwa. Allo ya yi duhu, ya sake haske. Ga shi a farkon gada, mutum biyun suna tsaye a gefensa, babu wanda ya wuce gaba. Mai maganin ta juyo ta ce, "Babu komai. Mu sake, muna tare da kai."

"Kin ji?" in ji Kawu. "Tun safe nake faɗawa ruwan nan. Kullum haka take cewa."

Ni kuwa idan abu ya taɓa ni, bakina kaifi yake yi. "Kawu, na'ura ce fa. Rubuta mata aka yi ta faɗi haka."

"Na sani," in ji shi. "Wani ne ya zauna ya ga ya dace a rubuta."

Na zauna har ya sake faɗawa ruwan, aka sake ce masa babu komai, sannan na tashi na kama hanyar gangara in je in gaya wa shugaba.