Ƙanƙarar Farfesa Darrouy

Ƙanƙara ta gama da gonar inabin Odile kafin ruwan kofinta ya tafasa. Odile ta fito ta tarar da ganye a ƙasa kamar an bi shi da almakashi. Tana cikin kuka ta hango wata ƙanƙara a gindin kwata, ta kai girman lemo.

"Kai! Wannan ta Farfesa ce," in ji ta.

Farfesa Firmin Darrouy masanin sararin sama ne, a ƙauyensu ya ƙare rayuwarsa yana binciken ƙanƙara. Da can in hadari ya wuce, mutane na makoki, shi yana gudu a gonakinsu da bokiti yana tsinta. Haba, zagin da ya sha! Shi ya gaya masu ido da ido cewa igwar da suke harba wa gajimare don hana ƙanƙara ɓata albarushi ne. Amma shi ɗin ne ya koya wa lardin nan gane hadarin da ke ɗauke da ƙanƙara. Yanzu yana kwance a gidan tsofaffi, likita ya ce sai dai a yi haƙuri.

Wuta ta ɗauke, firji bai da amfani. Odile ta naɗe ƙanƙarar a rigar sanyi, ta faɗa mota. Itace ya tare hanya, ta bar motar ta kama gudu, ruwa na ɗiga ta gwiwar hannunta.

Da ta isa gidan tsofaffin ta kwance rigar a gabansa, saura kamar ƙwan kaza.

"'Yar nan, da hannu mai zafi kika ɗauka ko?" in ji tsohon. "Har yau ba ku koya ba."

"Tsoho mai rigima, karɓi ka yi shiru."

Ya sa ta raba ƙanƙarar biyu da wuƙar burodi. Ya kai ɓari ɗaya kusa da ido, yana bin zobban ciki da farce, fuskarsa ta washe.

"Dubi wahalar da ta sha a sama kafin ta iso. Ban taɓa ganin irinta ba." Sai ya tsaya. "A ina ta faɗo?"

"A gonata."

"Me ya rage?"

"Ko ƙwaya."

Ya ajiye ƙanƙarar a kan bargo, ya kama hannunta da nasa biyu, masu sanyi. Odile ce ta koma tana rarrashinsa.