Hannun Hagu Biyu

Malama tana can ƙarshen ɗaki tana duba wa wata ɗaliba zare lokacin da Gwaggo ta gama yanka. Ko da ta iso teburin, aikin gama ya gama. Gwaggo, wadda ta girmi kowa a ajin koyon ɗinki, ta ɗora takardar awo a kan yadi ta yanka hannun riga, ta sake ɗorawa ba ta kifa ta ba ta yanka na biyu. Duka biyun na hagu ne, yadin kuma mai fuska ɗaya.

Rigar ta jikarta ce. Ta sha farke ta, kuma da safen nan ta faɗa a gaban kowa cewa in ta sake lalacewa ta bar ajin ke nan. "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi," in ji ta. "Ni kuwa na bushe."

Malama za ta iya karɓar aikin ta gyara kafin a ankara. Haka aka koya mata ita ma, kuma ta san yadda wadda aka karɓe wa aiki take komawa gida da riga mai kyau da hannu wofi. Ta harɗe hannuwanta a baya.

"Gwaggo, ki maƙala su da fil mu gani a jikin mutum."

Aka kira Rediyo, siririyar ɗalibar da bakinta ba ya hutawa. Ta zura rigar. Hannu ɗaya ya zauna daram, ɗayan ya karkace yana ja baya.

"Gwaggo, wannan hannun fushi yake da ni," in ji Rediyo. "Na bayana yake gaisarwa."

Aji ya ɗauki dariya. Gwaggo ba ta yi ba. Ta dubi Malama ta saman tabarau.

"Ke kin gani tun ɗazu."

"Na gani."

"Kika zuba min ido?"

"Ke me kika gani, Gwaggo?"

Gwaggo ta cire hannuwan, ta ɗora ɗaya kan ɗaya. Suka yi daidai, ba ragi ba ƙari. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sunkuya ta dubi ƙafafunta.

"Ashe kamar takalmi ne," ta ce. "Ƙafa ɗaya na saya sau biyu."

Wannan karon ita ta fara dariyar, har tana share ido da gefen mayafi.

Sauran yadin bai isa dogon hannu ba. Malama ta riga ta fara tunanin wane yadi zai dace a haɗa, sai ta ji Gwaggo tana magana da kanta: jikar tata ma kullum naɗe hannun riga take yi, ta tsani dogo. Gwaggo ta kifa takardar awo, ta fitar da gajeren hannun dama daga ragowar, ta rage na hagun. Hannun da ya yi saura ta auna shi da tafinta.

"Wannan aljihu ne. Ta samu wurin tara tarkacenta."

Aljihun bai zo wa Malama a rai ba, kuma ta faɗa wa Gwaggo haka.

"To ki koya, 'yar nan," in ji Gwaggo.

Ta zauna a keken ɗinkin da ke bakin taga, ta lashi bakin zare, ta zura a allura.

"Rediyo, gobe kada ki hau min keken nan. Wurin ya fi haske."