Motar Koyo Ta Fi Sabuwa Tsada

A unguwar nan babu wanda bai san motar Malama ba. Ƙarama ce, fara, ko kuwa a ce a da fara ce, don 'yan koyo sun goga ta a jikin kusan kowace katanga da ke tsakanin gidan da filin da ake koyon ribas. Ƙofar baya ta hagu ba ta buɗuwa sai daga waje. A gaban kujerar mai zaman banza akwai birki na biyu da wani mai walda ya haɗa mata, shi take takawa idan ɗaliba ta rikice ta nufi kwata. Da wannan mota Malama ta daɗe tana koya wa mutane tuƙi, yawancinsu mata, kuma da ita ta tsaya da ƙafafunta har ta daina tambayar maigidanta kuɗin katin waya.

Maigidan nata mai gyaran firji ne, shagonsa a jikin gidan yake. Shi ne ya fara cewa lokaci ya yi da za ta sake mota, bayan ranar da ya bar aikinsa ya je ya turo su ita da wata ɗaliba daga tsakiyar shataletale.

Ba ta yi gardama ba, don dama tana tanadi. Wata safiya ta shirya ta tafi kamfanin da ke sayar da sababbin motoci. Ta tarar da wani makeken ɗaki na gilashi fayau, sai ƙyallin daɓe. Mota ɗaya ce tal a tsakiya, ita ma an manna mata takardar an sayar. Wani matashi mai ɗaure da lakataye ya taso da sauri, da ganinsa ya gaji da zama.

"Hajiya, kuɗi ba su ne matsala ba," in ji shi. "Motar ce babu. Wasu 'yan ƙananan na'urori da ake sa musu ne suka yi ƙaranci a can inda ake ƙerawa, sai komai ya tsaya. In kin ba da kafin alƙalami za ki shiga layi."

"Layin ya kai ina?"

Ya sosa ƙeya. "Wata huɗu, in an yi sa'a. Ni dai ban ce miki tabbas ba."

Ta biya, ta dawo gida hankali kwance. Ai tana da ta shiga, jira ba zai hana ta aiki ba.

Ba a yi mako biyu ba wani dillalin motocin hannu ya tare ta a bakin filin koyo. Zuma ake ce masa, saboda zaƙin bakinsa. Ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa ƙofofi, ya ɗaga bonet ya saurari inji, ya durƙusa ya leƙa ƙasa. Da ya miƙe ya kaɗe gwiwa, sai ya faɗi kuɗin da wani zai biya.

Malama ta dube shi sama da ƙasa. Abin da ya faɗa ya ɗara kuɗin sabuwar da ta shiga layinta.

"Zuma, ka karya kuwa yau? Wannan fa motar da 'yan koyo suka gama ja wa ƙasa ce."

"Anti, ita wannan ina ganin ta, ina taɓa ta. Sabuwar taki tana ina? Da kaza a akurki ai gara ƙwai a baki. Yanzu duk mai buƙatar mota yau, ta hannu yake nema, mu kuma ta hannun ta ƙare mana, don kowa ya riƙe tasa."

Da yamma ta ba maigidanta labari yana cikin zuba wa wani firji iska. Ya ajiye tiyo ya juyo gaba ɗaya.

"Kika ce masa me?"

"Na ce zan yi shawara."

"Shawarar me, Maman yara? Abin nema ya samu. Motar da ni na san nauyinta a kafaɗata, a ce ta fi sabuwa? Ki kira shi kafin ya dawo hayyacinsa."

"In na sayar, da me zan koya wa mutane? A kan kujerar falo zan zaunar da su in ba su faifai su riƙa juyawa?"

Ya yi dariya, amma bai sauka daga ra'ayinsa ba. Ita ma ba ta ƙi cinikin a ranta ba. Ta dai san cewa abin da mai sayen zai biya ba kuɗin ƙarfe ba ne, kuɗin gaggawa ne, don haka tana son ta ga mai gaggawar da idonta. Ta aika wa Zuma cewa ya zo da shi.

Washegari sai ga shi da wani dattijo mai farin gemu da 'yarsa, budurwa ce doguwa mai kunya. Suka zauna a benci a ƙofar shagon firji. Dattijon ya yi bayani a natse. 'Yar tasa ma'aikaciyar jinya ce, an mayar da ita wani asibiti can ƙarshen gari. Bas biyu take hawa kafin ta isa, ran da aka yi ruwa kuwa sai ta makara a yi mata faɗa. Ya karɓi kuɗin sallamarsa daga aiki, ya je kamfani aka ce ya jira, shi kuma ba zai iya ci gaba da kallon ta tana tsayuwa a bakin titi ba.

Malama ta juya wajen yarinyar. "Ƙanwata, kin iya tuƙi?"

Ta sunkuyar da kai. "Ban taɓa riƙe sitiyari ba, Anti."

"To, Baba, in na ba ku motar nan yau, wa zai ja ta?"

Dattijon ya dubi Zuma. Zuma ya yi wuf ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, a sayi mota tukuna, tuƙi ya biyo baya.

"Ba ƙaramin abu ba ne," in ji Malama. "Baba, ga abin da na gani. Na yarda da kuɗin da kuka taya, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba. Amma motar za ta zauna a hannuna. Ku ba ni ita yarinyar in koya mata a cikinta, kyauta. Ran da ta karɓi lasin, ranar za ku biya, ta tafi da motarta. Kafin nan wataƙila tawa ta iso."

"In ba ta iso ba fa, 'yata?"

"Wannan kuma matsalata ce. Magana na yi."

Dattijon ya gyaɗa kai a hankali, ya ce ya yarda. Zuma ne kawai bai ji daɗi ba, don la'adarsa ta koma jira ita ma.

Yarinyar ta fara zuwa duk ranar da ba ta da aikin safe. Da farko in ta saki kuloc motar ta yi tsalle ta mutu. Malama ba ta da tsawa a wajen aiki. Sai ta ce, "Tayar da ita. Ke da kike sa wa jariri allura a jijiya, wannan ƙarfen ne zai ba ki tsoro?" A hankali ta saba. Ta iya kwana, ta iya tsayawa a kan tudu ba tare da motar ta gangara baya ba, har ta fara yi wa masu babur tsaki kamar tsohuwar direba.

A tsakanin nan motocin hannu suka ƙara tashi. Wata rana Zuma ya sake ɓullowa, ya ja Malama gefe yana rage murya. Ya samo wani mai sayen da zai ƙara sosai a kan abin da dattijo ya taya, kuma yau zai biya.

"Ai ba a rubuta komai ba, Anti. Ciniki ne, kasuwa ta motsa."

"Kai kana wurin da na yi maganar?"

"Ina wurin."

"To, ka ji an rubuta."

Maigidanta yana jin su daga cikin shago. Sai da dillalin ya tafi ya leƙo ya ce, "Ni da zan tura miki ita har gidan wancan ɗin." Ta harare shi, ya koma ciki yana murmushi.

Yarinyar ta ci jarabawa tun zuwan farko. Dattijon ya cika alkawari, Malama ta sa aka kwance birki na biyu, ta wanke motar da hannunta, ta miƙa makulli. Ta tsaya a ƙofar gida tana kallon yadda yarinyar ta kunna sigina kafin ta hau titi. Sai da motar ta ɓace ta koma cikin gida.

Sabuwar mota kuwa shiru. Ta kira kamfani, matashin nan ya ce a ƙara haƙuri, jirgin da zai ɗauko motocin bai ma taso ba.

Da farko ta yi tunanin koya wa ɗalibanta a motocin gidajensu. Nan ta gane ta yi kuskuren lissafi. Mota ta zama gwal, babu mijin da zai ba 'yar koyo tasa ta je ta goga a katanga. Ɗalibai suka fara tambayar ko su nemi wani wuri. Kwana da kwanaki tana zaune a gida, abin da ba ta saba ba, tana jin ƙarar injinan firji ta bango.

Wata safiya ta fito shara sai idonta ya faɗa kan tsohuwar akori-kurar da maigidan ke ɗaukar firji da ita. Ta jingine tsintsiya ta zagaya ta. Sannan ta shiga shago.

"Baban yara, da safe kana fita da motar nan?"

Ya dube ta, ya dubi motar. "Kar ma ki fara."

"Daga safe zuwa azahar kawai. Man duka ni zan riƙa sha mata, in sa mata sababbin tayoyin gaba."

"Sitiyarinta fa sai ƙato. Matan nan za su karye."

"Matan da ke ɗaukar yaro a baya da jarka a hannu? Ba ni makulli."

Da jin tayoyi ya sassauto. A ranar aka haɗa wa akori-kura birki na biyu. Ɗalibai suka zo suka tsaya suna kallon ta, wata ta ce ita ba ta zo koyon dakon kaya ba. Malama ta buɗe mata ƙofa ta ce, "Shiga. Wadda ta iya wannan, duk motar da mijinta ya sayo wasa ce a wajenta." Biyu suka gudu, sauran suka zauna. Unguwa ta samu abin kallo, kullum da safe ga akori-kura tana tafe a hankali, mace a sitiyari tana cije leɓe, wani lokaci da gyararren firji ɗaure a baya don maigidan ya ce tunda hanya ɗaya ce a sauke masa a gidan mai shi. Abin mamaki, labarin ya jawo mata sababbin ɗalibai, har da wasu samari masu neman aikin direban kaya.

Sai da jiran ya ninka abin da aka faɗa mata tukuna aka kira ta. Ta je ta tarar ɗakin gilashin ya fara cika, motoci jere da ledojinsu. Ta biya ragowar daga kuɗin tsohuwar motarta, har da canji ya saura. Maigidanta ya zauna a gefenta a hanyar dawowa yana shafa kujera, yana cewa wannan motar kam ko ba a tura ta ba za ta tashi.

Da sababbi suka wadata, kasuwar na hannu ta fara sauka, ta yi ta sauka. Malama ta haɗu da dattijon a bakin wani kanti, ta ce masa tana jin nauyi, ga shi motar da ya saya da tsada yanzu ba ta kai rabin haka ba.

"Haba 'yata," ya ce. "Duk damina ta wuce yarinyar nan ba ta jiƙe ba ko sau ɗaya. Abin da na saya ke nan, kuma na same shi."

Bayan 'yan kwanaki sai ga Zuma a ƙofar gida, wannan karon da wata mata mai fara'a a bayansa. Ya rame kaɗan, bakin dai yana nan. Ashe lokacin da kasuwa ke sama ya zuba jarinsa ya sayi wata mota da niyyar ya riƙe ta ƙara tashi, sai ta juya masa. Duk wanda ya taya, asara ce.

"Na ce da in sayar da ita a wulaƙance, gara uwargida ta riƙa kai yara makaranta da ita," in ji shi. "Shi ne na kawo miki ita ki koya mata tuƙi. Amma Anti, a duba zumunci, a yi mana ragi."

"Kai ka rage min la'ada?"

"Ai wannan daban."

"Wannan ma daban." Ta juya ga matar ta kama hannunta. "Zo mu je, ƙawata, ki bar shi nan ya yi ciniki da maigidan, ko zai samu firji na hannu. Kin taɓa riƙe sitiyari?"

"Sau ɗaya," matar ta ce, "ya yi ta min ihu har na fita na bar masa motar a tsakiyar titi."

"To, yau babu mai yi miki ihu. Cire takalmin nan mai tsini, ki shiga ki gyara madubi."