Tallan Maganin Ido a Wayar Mama

A gida Auta suke ce mata, duk da ta haura talatin da biyar, kuma shagonta na gyaran kujeru ya shekara takwas. Shago ne mai ƙofa ɗaya a ƙasan wani bene, cike da kujerun da aka feɗe, da soso, da warin gam. Shekara uku da suka wuce ta fara jingina wayarta jikin gwangwanin fenti tana ɗaukar aikinta, yadda ake zare tsohon yadi ba a ɓata katako ba, yadda ake ɗame sabo ya kwanta lumui, tana ɗorawa a dandalin bidiyo. Masu kallo suka yi yawa. Dandalin ya fara sa talla a bidiyoyinta yana ba ta kasonta. Ba ita ke zaɓar tallan ba, yawancinsu ma ba ta taɓa gani ba.

Cikin masu kallon babu wanda ya kai Mama naci. Tsohuwar malamar firamare ce, tun rasuwar Baba take zaune ita kaɗai a gidan da ta raini 'ya'yanta, kuma duk wanda ya kawo maganar tashi sai ya ji babu daɗi.

Wata Talata da hantsi, Auta na durƙushe a gaban wata kujera, sai ga Mama a bakin ƙofa, fuska a ɗaure.

"Laifin me na yi miki da kika rufe min bidiyonki?"

"Mama, ko zama ba ki yi ba. Wane bidiyo?"

"Dukkansu. Kwana uku ke nan. Da na taɓa sai wani baƙin abu ya fito ya tsaya min ƙerere. In kin gaji da gyaran da nake miki ne, ki faɗa min da bakinki."

Auta ta goge hannu ta karɓi wayar. Saƙon dandalin ne, an rubuta shi ɓaro-ɓaro: an gano manhajar toshe talla a wannan waya, bidiyo ba zai buɗe ba sai an cire ta.

"Ai ga shi an rubuta dalili. Wa ya sa miki abin toshe talla?"

"Yayanku. Tun ranar da wani tallan caca ya fito min a tsakiyar bidiyonki, na ce masa ban haifi mai tallan caca ba."

Yaya shi ne babba a cikinsu, mai kula da kwamfutoci a wani ofis. Auta ta kira shi, ta saki murya don Mama ta ji.

"Yaya, ashe kai ne kake cire min loma a baki?"

Ya yi dariya. "Na sa wa Mama, na sa wa matata, na sa a tawa. Ke in talla ya fito miki, tsayawa kike ki kalla har ƙarshe?"

"Ni daban. Ni ba ni da ƙanwa mai bidiyo."

"To cire mata. Amma ki sani, kin buɗe wa 'yan talla ƙofar ɗakinta."

Ta cire, ta ja wa Mama wata kujera da aka gama, suka zauna su gwada. Talla ya fito kafin bidiyon: wani mutum cikin farar riga yana ɗaga kwalba, wai ɗigo uku a rana yana narkar da yanar ido ba sai an yi aiki ba. Auta ta tsallake, ta buɗe wani bidiyon. Wannan karon asibitin ido ne. A na uku mai kwalbar ya sake dawowa.

Auta ta tsayar da bidiyon. Ta san yadda abin yake, don a wayarta tallan gam da soso ne ke binta duk inda ta shiga. Talla na bin abin da mai wayar yake nema ne. Manhajar Yaya ɓoye tallan kawai take yi, amma duk abin da Mama ta tambaya yana nan a ajiye da sunanta. Ta kuma tuna cewa saƙon da ta karanta ɗazu da manyan baƙaƙe yake, matar da ta koya wa ɗaruruwan yara karatu kuwa ta kira shi baƙin abu.

Wurin da ake ganin duk abin da aka bincika yana nan ƙarƙashin yatsanta, taɓawa biyu ne. Ta kife wayar a cinyarta.

"Mama, idonki lafiya?"

"Lafiya lau. Me kika gani?"

"Ni ban ga komai ba. Wayarki ce take ta kawo maganin ido."

"To sai me? Talla ne."

"Talla ne, amma ba ya zuwa haka kawai. Zan iya dubawa in ga abin da kika nema, ba zan duba ba. Na fi so in ji daga bakinki."

Mama ta daɗe tana shafa hannun kujerar. Wata babbar mota ta wuce, ƙofar shagon ta girgiza.

"Wata takwas," in ji ta. "Na hagun ya fi. Kamar an shafa man shafawa a gilashi. Bidiyonki ma muryar nake bi. Na sayi irin kwalbar nan har biyu, ba abin da ta yi sai yaji."

"Wata takwas, Mama! Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa, yayanku ya zo da mota ya kwashe ni ya kai ɗakin saman nan nasa? In koma sai an riƙe min hannu zan sauko?" Ta ja tsaki. "Ko ƙawata ban gaya wa ba. Waya kaɗai na tambaya, don na ɗauka ba ta da baki."

Auta ta so ta yi faɗa, sai ta fasa. Ta tashi ta rufe gwangwanin gam, ta kashe fanka, ta ɗauko makulli.

"Ina za ki?"

"Asibiti za mu. Na gaske, ba na mai kwalba ba."

"Da sharaɗi. Yayanku ba zai ji ba sai na ji abin da likita ta ce ko ya ce."

"Na yarda."

Likitar ta duba ta ce yana ce a duka idanun, aiki ne na ɗan lokaci, za a yi ɗaya, bayan makonni a yi ɗayan. Kwalaben kuwa ta ce a zubar. Sai da aka sa rana sannan Mama ta kira Yaya da kanta. Ya yi fushi, ya ce shi ne babba amma har 'yan talla sun riga shi ji. Maganar ɗakin sama ma ya kawo ta kamar yadda aka zata. Mama ta ce ƙafarta ba za ta taka matakalarsa ba, don haka Auta ce ta kwaso kayanta ta tare a gidan Mama, a tsohon ɗakinsu, na mako uku. Yaya ya huce a kan wayar: ya goge tarihin binciken, ya kashe tallan da ke bin sawun mutum, ya yi wa Mama rajistar kallo ba talla. A tasa wayar kam manhajar tana nan, ya ce ya gwammace ya zo shago ya kalli aikinta ido da ido.

Auta ta so ta yi bidiyo a kan abin da ya faru, ko wani zai amfana. Mama ta ce a'a, mutum ɗaya waya ta gaya wa, ita Auta kuma so take ta gaya wa dubbai. Maganar ta tsaya a nan.

Mako biyu bayan aikin ido na biyu, Mama ta kira ta tana tsakiyar yankan soso.

"Bidiyon jar kujerar nan. Takardar da ke manne a bango bayanki ta mece ce?"

"Ta masu kawo aiki ce."

"To sunan wata mata da lambarta da kwatancen gidanta duk suna fita tas. Na karanta ba ko tabarau."

Auta ta duba, haka ne. Ta ajiye wuƙar, ta ɓoye bidiyon, ta cire takardar daga bango. Ta bi sauran bidiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ta sami takardar a guda goma sha ɗaya. Ranar Asabar ba ta taɓa kujera ko ɗaya ba, ta wuni tana dusashe bangon a cikin bidiyoyin, da la'asar kuma ta kira matar ta gaya mata, ta ba ta haƙuri.