Ba a Ga Komai Ba

Lambar wayata Auta ta ba su a asibiti, ba tata ba. Ranar da aka ɗebi jinin, nas ta tambaye ta wa za a kira idan sakamako ya fito, sai ta juyo ta dube ni. Na san wannan kallon tun tana goye a bayana. Na karanto musu lambata ina hararar ta, na ce, "Ke dai har ki tsufa ni zan riƙa ɗaukar miki kaya." Ta yi murmushi ta ci gaba da danne audugar a hannunta.

Auta ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk da sunan nata ta kusa arba'in. Wannan ne cikinta na uku, babu ko ɗaya a hannu. Na farko ya zube tun kafin ta gaya wa kowa. Na biyu kuwa ina tsaye a kanta a ɗakin hoto. Mai hoton ya shafa mata man nan mai sanyi, ya yi ta yawo da na'ura a mararta, ya danna nan ya danna can, har ya kira wani ya zo ya taya shi dubawa. Can sai ya ce, "Ku yi haƙuri, ba mu ga komai ba." Wai mahaifa ta gyara wuri, amma ɗan bai zauna ba. Ni na sa mata takalmi ranar, don ta kasa sunkuyawa.

To, na ukun nan ya zauna. An gan shi a hoton farko, ɗan mitsitsi, yana nan. Aka yi mata awon da ake yi wa kowace mai ciki, nauyi da hawan jini da fitsari da sukari da sauransu, duk lafiya lau. Sai da aka zo wani gwajin jini da ake haɗawa da hoton wuyan jariri da shekarun uwa, likita ta zaunar da mu. Ta ce lissafi ya nuna akwai yiwuwar yaron ya zo da wata larura ta halitta, wadda ke sa jinkirin koyo, wani lokaci har da ciwon zuciya.

"Yiwuwa na ce," ta nanata. "Ɗaya cikin tamanin. Ban ce haka ne ba."

Ta ce akwai ƙarin gwaji, shi ma na jini, wanda ya fi wancan kaifi. Ashe ɓurɓushin halittar jariri yana yawo a cikin jinin uwarsa, shi za a tace a duba. Ni duk bayanin da ta yi, wannan ne ya zauna min daram a kai: za su nemi ɗan Auta a cikin jinin Auta.

Jiran sakamakon nan bai yi mana daɗi ba. Mijinta direban babbar mota ne, yana can kan hanya, sai dai ya kira ya ce in kula masa da ita, kamar shi ya ba ni ita. Ita kuma malamar lissafi ce, abin da ya ƙara dagula al'amarin ke nan. Na ce mata, "Saba'in da tara fa lafiyarsu ƙalau, ke ba kya ganin wannan?"

Ta ce, "Ina gani, Yaya. Amma ɗayar nan ai wata ce. Dole tana da suna, tana da gida."

Wata rana muna tsinke alayyafo a kicin ɗinta, bakina da ba ya shiru ya ce, "To in haka ne fa? In an ce yana da larurar, ya za ki yi?" Ta yi ta tsinkar ganye har ta haɗa da masu kyau ta zuba a shara. Ban sake tambaya ba.

A gidan burodi nake aiki, ɓangaren kwaɓi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin kwaɓa fulawa ya san ko kanka ba ka ji, balle waya. Wata rana da safe ina cikin yanka kwaɓi ina ɗorawa a sikeli, na ji wayar tana kaɗawa a aljihun rigar aiki. Na ciro ta da yatsu biyu, na maƙale ta a kafaɗa.

"Daga ɗakin awo ne," in ji wata murya, da sauri kamar ana korar ta. Ta faɗi sunan Auta. "Sakamakon jinin nan ya fito. An duba, ba a ga komai ba. Ta zo ranar awonta likita ta yi mata bayani."

Na ce, "Me kika ce?"

"Ba a ga komai ba," ta ɗaga murya. Sai na ji ana kiran ta daga can baya, ta kashe.

Na tsaya da wuƙar kwaɓi a hannu. Sun tace jinin, sun nemi ɗan, ba su same shi ba. Kalmomin nan na san su, na san ɗakin da na fara jin su, har ƙamshin man nan mai sanyi sai da ya dawo min hanci. Na sake kiran lambar, layi a cike. Na sake, a cike. Na zagi wayar, na zagi asibitin, na zagi wadda ta iya faɗin magana irin wannan ta kashe kamar ta ce an ɗauke ruwa. Mai gidan burodin ya leƙo ya ga fuskata, bai tambaye ni komai ba, ya ce, "Je ki."

A mota na yi ta shirya yadda zan gaya wa Auta. Na shirya maganar ta nan, ta rushe, na shirya ta can, ta rushe. Har na yi tunanin in yi shiru sai ranar awo, sai na tuna cikinta na baya, an ce barin abin a mahaifa yana iya jawo mata ciwo. Tsoro ya kama ni. Na ji haushin Auta ma, Allah Ya sani, da ta ɗora min wannan. Fasinjan da ke gefena yana ta kaɗe fulawar da na shafa masa a hannun riga, ko haƙuri ban ba shi ba.

Ranar Auta ba ta da aji da safe. Na same ta zaune a ƙasa a falo, littattafan ɗalibai jibge a gabanta, jan biro a hannu, ga lemon tsami da ta yanka tana lasa saboda tashin zuciya. Ta dubi rigar aikin da ban cire ba, ta dubi hannuna.

"Sun kira," ta ce.

Na durƙusa a gabanta. Duk abin da na shirya ya gudu. Na ce, "Sun ce ba su ga komai ba, Auta."

Ba ta yi kuka ba. Ta rufe biron, ta ajiye shi a tsakiyar littafin da take dubawa, ta rufe littafin. Ta ɗora tafin hannu a mararta, ta daɗe a haka.

"Amma har yanzu ina jin amai," ta ce a hankali.

"Wancan karon ma kin ji."

Na so in cije harshena, amma magana ta riga ta fita. Ta gyaɗa kai. Na ce ta tashi mu je su duba ta yau ɗin nan, ba za mu jira wata ranar awo ba. Ta tashi ta ɗauko mayafi da katin asibiti, har da kashe fanka.

Muna cikin tasi, an tsaya a danja, sai ta yi magana tana kallon waje.

"Yaya, kin tambaye ni ranar nan ban ba ki amsa ba."

"Bar wannan maganar."

"Da ma larurar suka ce." Muryarta ba ta rawa ko kaɗan, wannan ya fi komai tayar min da hankali. "Da ma cewa suka yi yana nan, yana da ita. Wallahi da na karɓe shi a haka. In bai yi magana da wuri ba in jira shi. In lissafi ya gagare shi, to sai me? Kwana da kwanaki ina roƙon Allah kada ya zo da ita, ban taɓa cewa ya zo ko a yaya ba."

Direban ya rage rediyo. Ni da na zo rarrashi, ni ce na ɓige da kuka, ita ke shafa min baya.

Ɗakin awo cike yake kamar kullum, mata jere a benci, kowacce da katinta da robar ruwa. Ban bi layi ba. Na ja hannun Auta har teburin nas-nas, na ce, "Wace ce ta kira ni ɗazu?"

Wata doguwa mai tabarau ta ɗago. Daga "ni ce" ɗin da ta faɗa na gane muryar.

Na ce, "Sista, ke ba ki da 'yar'uwa ne? Haka ake gaya wa mutum ya rasa ɗa? A waya, a tsaye, ki kashe?"

Ta cire tabaran. "Wa ya rasa ɗa?"

"Ke kika ce an duba jini ba a ga komai ba."

Ta dube ni, ta dubi Auta, ta karɓi katin ta buɗe. Na ga lokacin da abin ya faɗo mata, don sai da ta dafa teburin.

"Innalillahi. Baiwar Allah, larurar ce ba a gani ba. Abin da aka je nema ke nan. Sakamakon mai kyau ne." Ta zagayo ta kama kafaɗar Auta. "Mu a nan in muka ce ba a ga komai ba, albishir ne. Kullum haka muke faɗa."

Na tuna ai a ɗakin hoto ma haka suka faɗa, kuma ba albishir ba ne. Faɗan da na ɗauko tun daga gidan burodi na rasa inda zan sauke shi. Ita ba ƙarya ta yi ba, ni ma ba ƙarya na ji ba.

Auta dai ba ta motsa ba. Ta ce, "To yana nan?"

"Jinin da aka ɗiba ya nuna shi."

"An kwana biyu da ɗibar jinin, Sista. Yau nake tambaya."

Nas ɗin ta ɗauki katin ta yi gaba. Ta shigar da mu wani ɗan ɗaki mai gado ɗaya da labule, ta kwantar da Auta, ta ɗauko wata 'yar na'ura mai kamar rediyon hannu. Tana shafa man tana bayani, cewa gwajin nan tacewa ne, ba rantsuwa ba, akwai babban hoto nan gaba da za a duba zuciya da ƙashin baya da komai, kada ta yi wasa da shi. Auta ta ce, "Ku duba duk abin da za ku duba, zan zo."

Na'urar ta fara shuu, shuu, kamar ana neman tasha. Nas ta matsa ƙasa, ta karkata hagu. Babu. Ta ƙara mai, ta koma dama. Na riƙe ƙarfen gadon har yatsuna suka yi sanyi, na rantse a raina in aka sake faɗin kalmomin nan a gabana sai na fasa wani abu a ɗakin.

Sai ga shi. Fat-fat-fat-fat, da sauri, ƙarami, ba ya ko tsayawa hutu.

"Ga mutumin naku," in ji nas. "Lafiyarsa ƙalau, sai gaggawa."

A nan ne Auta ta yi kukan. Ba ƙara, hawaye ne kawai ke gangarawa ta gefe suna shiga kunnenta. Nas ta bari aka ɗan saurara, sannan ta yi niyyar ɗage na'urar, don ana ta ƙwanƙwasa ƙofa. Auta ta kama wuyan hannunta da hannu biyu.

"Bar shi tukuna," ta ce. "Don Allah."

Nas ta dube ni. Na goge fuskata da gefen rigar aiki, na fita na ja ƙofar, na tsaya a bakinta. Wata mai tsohon ciki da ke gaban layi ta miƙe da katinta, ta ce ai ita ce a kai tun ɗazu. Na ce na sani, ta yi min haƙuri ta ɗan zauna, ƙanwata ce a ciki tana sauraren ɗanta.