Wa Ya Jiƙa Tek-hok?

"Kai ne. Kai ka jiƙa mini miji."

Ang Siu-kim ba ta jira ya gama buɗe ƙofar ba, ta danna ta da kafaɗa ta shige. Fan Jun-hao, mai haya a ɗakin da ke saman nata, ya ja da baya, ɗan buroshi a hannu ɗaya, kwalbar jan farce a ɗayan. Ƙato ne, har furfura ta soma fito masa, amma ga shi da gajeren wando da rigar sanyi, a wannan zafi na garin Sanchong da ko kare ba ya yarda ya taka kwalta.

"Inna, wane mijin? Ai na ji an ce mijinki ya..."

"Ya mutu, e. Don ya mutu sai a yi ta ɗiga masa ruwa a ka?"

A-tiong mai gyaran famfo ya ƙaraso a bayanta yana haki, ya dafa bango. Tun safe take jan sa daga hawa zuwa hawa.

"Siu-kim, na gaya miki babu bututu a wurin nan. Na kashe ruwan benen nan gaba ɗaya, mutane suna ta zagina, ɗigon bai tsaya ba."

"Rufe mini baki. Kai da ka gyara mini famfo ya koma yin fito."

Tun farkon watan nan silin ɗinta yake zufa. Da a madafa ne, ko a bayi, da ta tara bokiti ta yi shiru. Amma duk faɗin ɗakin ruwan bai ga wurin sauka ba sai kan teburin kakanni, daidai allon katakon da ke ɗauke da sunan mijinta, Liau Tek-hok. Teburin kuwa ba ya matsuwa. Malamin haikali ne ya auna ya kafa shi a nan, kuma da ta je masa ya ce babu ranar da ta dace a taɓa shi sai watan bakwai ya wuce. Ta ɗaura leda, ruwan ya bi gefen ledar. Ta yi tunanin lema, sai ta tuna wanda ya buɗe lema a cikin ɗaki matattun wasu yake gayyata. Ga shi gobe ce ranar zagayowar rasuwar Tek-hok, ranar da yake zuwa cin abinci.

Ta tsaya tsakiyar ɗakin Jun-hao tana neman ruwan da ido. Ta zo da shirin ganin kududdufi, ko baho ya cika ya tumbatsa. Daɓen a bushe yake ƙayau. Sai sanyi da ya kama mata idon sawu kamar ta shiga shagon kifi.

A kan tebur akwai wani baƙin allo, irin wanda ake zarowa daga cikin kwamfuta, amma an yi masa abin da ba ta taɓa gani ba. An shafe shi da basilin har yana ƙyalli. An cusa masa wata roba mai laushi kamar kwaɓin fulawa a kowane lungu. An naɗe shi da takardar goge hannu, an ɗora soso, an sake naɗewa. Bututu biyu sanye da baƙin soso sun fito daga tsakiyarsa sun gangara zuwa wani tankin ƙarfe a kusurwa, inda inji ke ta gurnani. Gefe kuma ga wani allon a kife, an yi wa bayansa jan farce rabi.

"Wannan ciwo gare shi?"

"Wa?"

"Abin nan da ka yi wa ɗaurin karaya."

Jun-hao ya ajiye buroshin. Da ganin fuskarsa an san ya daɗe bai sami mai tambayarsa ba.

"Kare shi nake yi, Inna. Kin ga, in kwamfuta tana gudu, zafi take yi. In na sanyaya ta fiye da ƙanƙara, sai in tura ta ta yi gudun da masu ƙera ta ma ba su yarda za ta yi ba. To amma duk abin da ya yi sanyi haka, raɓa yake tarawa. Ɗigo ɗaya ya taɓa allon nan, ya mutu. Shi ya sa basilin, shi ya sa jan farcen."

"Gudu zuwa ina?"

"Ba wai tana zuwa wani wuri ba ne. Lissafi take yi."

"Na wa?"

"Ba na kowa ba. Gasa ce. Akwai wani a Koriya da ya wuce ni da ɗan kaɗan, in na wuce shi sunana ya hau sama."

Siu-kim ta dubi A-tiong ko shi ya gane. A-tiong bai ma saurara ba. Ya durƙusa gaban tankin yana shafa shi. An lulluɓe tankin da soso ta sama da ta gefe, tsaf, ko yatsa ba zai shiga ba. Ya tura hannu ƙarƙashi, ya fizge shi da sauri yana yarfewa.

"Kai! Ɗan'uwa, me ka shimfiɗa a ƙarƙashin nan?"

"Ƙarƙashi?" in ji Jun-hao. "Ai ƙasa ce. Babu abin da zai lalace a ƙasa."

"Ƙasarka silin ɗin wata ce."

Suka ciccibi tankin suka matsar. Inda ya tashi, tayil ɗin ya yi fari fat da ƙanƙara. A-tiong ya fashe da dariya har da buga cinya, ya ce shekarunsa nawa yana bin ruwa, yau ne ya ga yoyon da ba shi da rami. Siu-kim ta ji zuciyarta ta ɗan sauka. Ga shaida, ga mai laifi.

"To ka gani. Ruwanka ne."

"A'a, Inna. Ba ruwana ba ne."

"Ga shi nan ina kallo!"

"Wannan bai ratsa siminti ba. Tankina bai taɓa zubar da ko cokali ɗaya ba, A-tiong ya duba. Sanyin ne kawai ya sauka ya kama silin ɗinki. Ruwan da ke ɗiga kuwa daga iskar ɗakinki yake fitowa."

"Iska ta zama ruwa."

"Dama da ruwa a cikinta. Kina dafa abinci a ɗakin?"

"A'a, a kan titi nake dafawa."

"To tururin tukunyarki ne, da wankin da kike shanyawa, har da numfashinki. Su suke hawa su tarar da sanyi su koma ɗigo."

Ta juya ga A-tiong, tana jira ya ƙaryata shi. Ya sosa ƙeya.

"Gaskiya ya faɗa, Siu-kim. Kamar kwalbar giya mai sanyi ce. In kwamitin benen nan ya tambaye ni, ba zan ce yoyo ba ne. Sanyin nasa ne, ruwan naki ne."

Duk miyar kifin da ta dafa a watan nan, duk shinkafar da ta turara ta kai wa Tek-hok gaban allonsa, wai su ne suka hau sama suka dawo masa a ka. Wai har numfashinta. Ita da ta yi shekaru tana goge allon nan da busasshen tsumma, ko danshi ba ta bari ya taɓa shi. Ba ta yarda ba, amma ba ta san ta inda za ta kama maganar ta karya ta ba.

"Ku sauko," ta ce. "Ku biyun."

Jun-hao ya kashe injin yana kallon allonsa kamar mai barin jinjiri, ya biyo su.

A ƙasa fitilun teburin jajaye suna ci. Siu-kim ta ɗage ledar. Katakon ya kumbura ta sama, kuma harafin tsakiya na sunan ya narke ya gangaro, ya zama baƙin tabo. Ba ta iya karatu ba, amma ta san surar haruffan nan kamar yadda ta san fuskarsa. Na tsakiyar mai ƙafafu da yawa ne. Yanzu babu ƙafa ko ɗaya.

"Ai sai a sake rubutawa," in ji A-tiong a hankali.

"Wa zai rubuta? Kai? Shi ma sai an zaɓi rana. Gobe zai zo. Mutumin da yana raye ma in ya sha giyar shinkafa sai ya wuce ƙofar gidansa ya buga ta maƙwabta. Ya zo ya duba bai ga sunansa ba, ina zai zauna? Wa zai cinye masa abincin?"

Jun-hao ya matso ya leƙa katakon, ya karkata kai.

"In aka busar da shi da abin busar da gashi, a hankali, sannan a yi masa shafi biyu na jan farce marar launi, ruwa ba zai ƙara..."

"Ka shafa wa mijina jan farce."

Ya haɗiye sauran.

Ta zaro turaren tsinke ta kunna, ta danƙa masa a hannu.

"Ni ban gane maganarka ba. Mijina ya yi makaranta, har aji shida. Gaya masa."

Ƙaton nan ya tsaya da rigar sanyinsa, zufa na bin wuyansa, ya ɗaga turaren daidai goshi. Ya faɗi sunansa da hawan da yake zaune. Ya yi wa Tek-hok bayanin sanyi da raɓa da siminti, ya ce ya naɗe ko'ina ya manta da ƙarƙashi, ya ce zai sayo soso mai kauri ya shimfiɗa. Har ɗan Koriyar nan sai da ya ambata. A-tiong ya juya fuska ga bango, kafaɗunsa na rawa.

Siu-kim ta ɗauko kwabban nan biyu da take tambayar mijinta da su. In ɗaya ya kife ɗaya ya buɗe, ya yarda. In duka sun kife, ya ƙi. Ta zagaya su a hayaƙin turaren.

"Tek-hok, ka ji shi. Laifinsa ne?"

Ta saki. Suka yi ƙara a daɓe, suka kwanta duka a buɗe.

"Dariya yake yi," in ji A-tiong. "Bai ce e ba, bai ce a'a ba."

Ta tsince su.

"To nawa ne? Ni na jiƙa ka?"

Ta sake saki. Duka a buɗe.

Ta daɗe tana kallon su. Ba ta san ko dariyar ta da wa yake yi ba, ba ta ma san ko shi ne yake yin ta ba, ko wani ne da ya ga kujera babu suna ya zauna. Sai ga wani ɗigon ya taru a silin, ya yi nauyi, ya faɗo kan ledar.

"Ka ce ka kashe!"

"Na kashe, Inna. Simintin ne bai huce ba. Zai iya kai wa gobe."

Siu-kim ta jawo kujerarta ta roba, ta dasa ta a bakin ƙofa, ta zauna ta harɗe hannu.

"Kai ka ce iska ce. Kai kuma, A-tiong, ka ce ba yoyo ba ne. Shi kuma yana dariya. To ni ba zan kai ƙarar iska ba, ban san gidanta ba. Gobe mutumin nan zai zo neman sunansa, kuma wani zai tsaya a nan ya amsa masa. Babu mai fita sai kun gaya mini ko wane ne."