Mai Katifa

Kowa a unguwarmu ta Kilomita Biyar yana yi, kada wani ya zo ya yi mini fuskar salihai. Da zarar hadari ya haɗo, iska ta fara kaɗa kwanon rufi, za ka ga mata da maza sun fito da bokitai da buhuna, kowa na sauri ya juye shararsa a kanal, babbar magudanar ruwan unguwa, kafin ruwa ya sauko. Ledar ruwan sanyi, gorunan roba, ƙunzugun yara, ɓawon rogo, duk ciki. Mukan ce ruwa zai tafi da ita. Ina zai kai ta? Ba wanda ya taɓa tambaya. Ni ma ban tambaya ba, ga shi kuwa shekara goma sha ɗaya ina ƙulla zoɓo da lemun citta a leda ina sayarwa a bakin kasuwa. Rabin ledar da ke cikin kanal ɗin nan ta hannuna ta bi.

Sunana Suwaiba. Gidan aurena yana ta sama, inda ƙasa ta ɗan yi tudu. Mahaifiyata Hajiya Lami, wadda muke ce wa Inna, tana zaune da wana Yahuza da matarsa Husna a unguwar Yakite, can gangare, gida na uku daga kwalbatin da kanal ke bi ta ƙarƙashin titi. Tafiyar minti goma ce tsakaninmu a ƙafa.

Inna ba ta da wata dukiya. Abu ɗaya take ji da shi, likkafaninta. Sau ɗaya ta je Makka a rayuwarta, tare da Baba, kafin a haife ni. A can ta sayi farin yadi, ta tsoma shi a ruwan Zamzam da hannunta, ita da Baba suka kama bakinsa biyu suka tsaya cikin rana har ya bushe. Shi an binne shi a nasa tuntuni. Nata yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, da kanumfari a ƙulle a gefe saboda sanyin damina. Shekarar da rikici ya kore mu daga unguwar Miskine, ta bar kwanukan jerenta da keken ɗinkinta, ta fito da shi ɗaure a cikinta ƙarƙashin hijabi. Mukan tsokane ta mu ce, “Inna, kin fi son yadin nan a kanmu.” Sai ta ce, “Ku a bakin ƙofa za ku tsaya. Shi ne zai shiga da ni.”

To, ga yadda aka yi. Ina da wata tsohuwar katifar soso da kuɗin cizo suka mayar gidansu. Maigidana ya sayo sabuwa kafin ya bi mota zuwa Kamaru, tsohuwar ta yi sati biyu a jingine a tsakar gida tana ba ni haushi. Na kira mai turin kura, wato pus-pus, ya kwashe ta, ya faɗi wani kuɗi kamar gawar giwa na ce ya ɗauka. Ni kuma bakina ba ya shiru, na wanke shi tas da Sango, yaren garin nan, ya tura kurarsa ya tafi yana zagina.

Ranar wata Talata a watan Oktoba, bayan azahar, gari ya yi baƙi ƙirin. Na ji maƙwabta suna ta kai da kawo da bokitai. Na dubi katifa, na ce yau kam kin bar gidan nan. Na farke rigarta saboda za ta yi mini tsumma, na ja soson tsirara har bakin kanal, na tura da ƙafa. Kowa na ta kansa, ba wanda ya dube ni. Har na tsaya na ga ruwan farko ya ɗaga ta, ta juya sau ɗaya ta bi gangare. Wallahi daɗi na ji. Na koma gida ina karkaɗe hannu, na ɗora shinkafa.

Ruwan yanzu ba irin na yarintarmu ba ne. Da sai ya wuni yana zuba a hankali, muna wasa a ciki. Yanzu na sati guda yake saukewa a awa biyu, kamar ana juye ganga. Kafin la'asar wayata ta yi ƙara. Husna ce, daga asibitin awo inda ruwa ya tsare ta, tana kuka tana cewa in ruga, Yakite ta cika, Inna ita kaɗai ce a gida.

Ba mai babur ɗin haya, wato taksi-moto, da ya yarda ya nufi can. Da ƙafa na tafi, ruwa daga gwiwa har ya kai mini ƙugu, baƙi, mai wari, ledoji na nannaɗe mini ƙafa. Na sami Inna a kan teburin wani mai shago, a jiƙe sharkaf, tana rawar ɗari. Samarin unguwa ne suka ɗauko ta, Allah ya saka musu. Sai dai tun daga ɗaki take ihu, “Likkafanina! Likkafanina!” Inna ta fi shekara sittin tana jin Sango, amma tsoro ya mayar da ita Hausa zalla, su kuma yaran yanzu Hausarsu ba ta wuce ta gaisuwa ba. Wanda ya ɗan gane kalmar ya ɗauka cewa take za ta mutu, ya yi ta lallashinta yana cewa, “Mama, ba za ki mutu ba.” Suka bar akwatin a ƙarƙashin gado.

Sai washegari da hantsi ruwa ya janye muka buɗe shi. Kash! Ruwan ya haɗa da masai, ya haɗa da baƙin man masu gyaran babur, ya kwana a ciki. Farin yadin nan ya koma kalar tsumman goge tukunya. Na wanke shi sau bakwai da sabulu, ban ga alamar fari ba. Na zuba masa ruwan zabel mai cire tabo, na cika hannu saboda zafin zuciya, ya ci shi, ina ɗagawa yana yagewa. Yahuza ya durƙusa ya ce zai sayo sabo, a sami Zamzam a wurin alhazan bana a yayyafa.

Inna ta shafa yagaggen yadin ta ce, “Za ka sayo mini hannun ubanka ya riƙe ɗaya bakin?”

Tsakar gida cike take da maƙwabta, kowa ya shanya abin da ya rage masa. Nan wani ya tambayi Yahuza me suka tarar a kwalbatin, don shi da wasu maza biyar ne suka shiga da ƙugiya suka buɗe ta da asuba.

Yahuza ya ce, “Katifa. Wani marar imani ya jefo katifar soso sukutum. Ita ta toshe bakin, leda ta taru a bayanta ta zama bango. Ba don ita ba da ruwan ya wuce ta ƙasa kamar kullum.”

Inna kuwa, wadda ban taɓa jin ta zagi ko kaza ba, ta ɗaga hannu biyu sama da yadin a kansu.

“Allah ya isa tsakanina da wanda ya jefa katifar nan. Ban yafe ba. Ban yafe ba.”

Tsakar gida ta ɗauka da amin. Kun san me na yi? Kowa ya san Suwaiba da baki, in na yi shiru za a dube ni. Na ce amin da ƙarfi, har na ƙara da cewa Allah ya tona asirinsa. Tir da ni! Da bakina na sa hannu a kan Allah ya isan uwata, alhali a kaina take sauka.

Daga ranar Inna ba ta ƙara lafiya ba. Rijiyar gidan ta gurɓace, sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya kama ta, ya sake ta, ya dawo da gudawa. Ni kuma na tare a can kusan kullum. Ina dafa mata miyar ganyen rogo yadda take so, ina wanke mata zannuwa, ina matsa mata ƙafa. Mata suna cewa, “Kai, Hajiya Lami ta haifi 'ya.” Kowace irin wannan magana ji nake kamar an watsa mini barkono a ido. Na daina ƙulla zoɓo a leda, na koma zubawa a kofi, ciniki ya faɗi warwas, ban damu ba. Amma wannan bai taɓa maganar da ke kaina ba ko kaɗan.

Na sha shirya yadda zan faɗa mata. A hanya nakan jera kalmomin tsaf, in shiga ɗakin in ga idonta, su watse. Sau ɗaya na kusa. Ina ba ta kunu a cokali na ce, “Inna, mai katifar nan fa, wataƙila bai san abin da zai faru ba. Wataƙila ma mace ce, irinmu, ta rasa inda za ta kai ta.”

Ta kawar da cokalin. “Ya sani. Duk mai zuba shara a ruwa ya san akwai mutane a ƙasa da shi. Bai ga fuskarsu ba ne kawai, shi ya sa. Ke kuma yaushe kika zama lauyan 'yan iska? Ba ke kika fi kowa zaginsa ba?”

Na yi dariyar dole na ce haka ne. Na ce a raina bari ta ɗan warware, yanzu zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ƙarya nake yi wa kaina. Tsoro nake ji kada ta dube ni yadda take duban yadin nan.

Sati bakwai bayan ruwan, ranar Alhamis da safe, Husna ta kira ta ce jikin ya tsananta. Na tarar da ɗakin cike da mata, 'yan uwa da maƙwabta, har da waɗanda ruwan ya rushe wa katanga. Inna tana cikin hankalinta sarai, muryar ce kawai ta yi ƙasa. Aka shiga neman gafara ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka saba. Sai wata dabara ta faɗo mini. Ai akwai yadda ake faɗa, kalmomin da kowa ke faɗa, ba wanda zai zargi komai. Na durƙusa na kama hannunta.

“Inna, ki yafe mini duk abin da na yi miki, wanda kika sani da wanda ba ki sani ba.”

Na danna “wanda ba ki sani ba” sosai, har muryata ta karye.

Ta shafa kaina. “Na yafe miki, Suwaiba, duniya da lahira. Wanda na sani da wanda ban sani ba. Ke ba ki taɓa saɓa mini ba sai tsiwa, ita ma na yafe. Allah ya yi miki albarka.”

Wayyo, wani sanyi ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa. Na ce shi ke nan, na tsira, ta faɗa da bakinta a gaban shaidu. Na kifa kaina a gefen gado ina kuka, mata suna cewa amin. Inna ta huta kaɗan, ta juya ido ta bi ɗakin da kallo.

“Na yafe wa kowa. Yahuza, Husna, maƙwabta, har waɗanda suka ƙona mana gida a Miskine, na bar su da Allah, na yafe.” Ta ja numfashi. “Sai mai katifa. Shi kam sai mun haɗu a can.”

Hannunta yana kaina lokacin da ta faɗi haka. Kalma biyu kawai ake bukata daga gare ni, ni ce. Na ɗago na buɗe baki. Na ga Husna, na ga matar da katangarta ta danne mata awaki, na ga tsofaffin da suka gama yabona. Na ce a raina bari su ragu, in an kira azahar za su fita alwala, sai in faɗa mata mu biyu. Ni Suwaiba, da ban taɓa jin kunyar kowa a kasuwa ba, na ji kunyar mata goma na rufe bakina.

Ba ta kai azahar ba. Wajen sha ɗaya ta daina magana, Yahuza yana laƙƙana mata kalmar shahada, ta cika.

Aka aiko da sabon farin yadi daga shagon wani abokin Yahuza, yana ƙamshin kanti. Ni aka miƙa wa in kai ɗaki, wai ni ce wadda ta rabu da ita lafiya. Mata suka fita ɗora ruwa, mai wankan gawa ta tafi neman turare, aka bar ni ni kaɗai da ita. Na tura ƙofa. Na yaye zanen da aka rufe mata fuska, na sa bakina a kunnenta.

Na ce, “Inna, katifata ce. Ni na jefa. Ni ce mai katifa.”

Na faɗa da Hausa, na sake faɗa da Sango, na girgiza kafaɗarta kamar yadda nake yi in zan ba ta magani. Na tsaya ina jira, wallahi jira nake, ko tsinuwa ce ta sake yi mini in ji da kunnena.

Mai wanka ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce, “Suwaiba, buɗe, ruwa ya yi ɗumi.”